Cikawa da Imani: Tarihin Wata Addu'a da Gardamar da Ta Haife Ta

Cikawa da imani, wanda malamai ke kira husnul khatima ko kyakkyawan ƙarshe, shi ne mutum ya bar duniya yana riƙe da imaninsa, ko da ya sha faɗuwa da tashi a hanya. A ƙasar Hausa an fi jin kalmar a wurin gaisuwar mutuwa: a roƙa wa mamaci rahama, sannan a juyo kan masu rai a ce idan tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Ita kanta kalmar "cika" Bahaushe ya ara wa mutuwa ita, har akan ce wane ya cika da asuba, wato kwanansa ya kai baki kamar yadda mudu ke cika. Addu'ar gajera ce, amma tana tsaye a kan hukunci biyu da Musulmi ba su daidaita a kansu ba sai bayan kusan ƙarni uku na gardama, wani lokaci har da zub da jini. Na farko, zunubin da bai kai shirka ba, komai girmansa, ba ya fitar da mai shi daga imani muddin bai halatta shi ba. Na biyu, ba a rufe littafin kowa sai ransa ya fita; na kirki ba shi da tabbas, mai laifi kuma ba a yanke masa ƙauna.

Tushen maganar

Alƙur'ani ne ya fara ɗaura imani da lokacin mutuwa. Suratul Baƙara ta kawo wasiyyar Annabi Ibrahim da Annabi Yaƙub ga 'ya'yansu kan kada ajali ya riske su a wajen Musulunci, Suratu Ali Imrana kuma ta maimaita wa muminai wannan umarni. Annabi Yusuf, bayan ya fita kurkuku, ya sami mulki, iyayensa sun iso Masar, roƙon da ya rufe da shi na yadda za a karɓi ransa ne. Tun da ba wanda ke da iko da ranar mutuwarsa, masu tafsiri suka fahimci umarnin da cewa a lizimci addini kullum, ta yadda duk sa'ar da ajali ya zo zai tarar da mutum a kai.

Yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira (625 Miladiyya), ya bar misalai biyu da aka daɗe ana jerawa. Masu tarihin yaƙoƙi sun ambaci wani Ƙuzman da ya yi faɗa kamar ba gobe a cikin rundunar Musulmi, da raunuka suka tsananta masa sai ya kashe kansa, bayan ya bayyana cewa don martabar danginsa ya yi yaƙin. A rana guda kuma aka tsinci Amru ɗan Sabit, wanda ake kira Usairim, kwance cikin jini. Danginsa sun san shi da ƙin Musulunci, ashe a safiyar ranar ya musulunta ya ɗauki takobi. Abu Huraira yakan mayar da labarinsa kacici-kacici, ya tambayi mutane wane ne ya shiga Aljanna bai taɓa yin salla ko ɗaya ba. Irin waɗannan labarai ne suka fito da ƙa'idar da Bukhari ya ruwaito, wadda ta sa ƙarshen aiki ya zama abin lura. A Uhudun ne kuma maharba suka bar dutsen da aka ajiye su, wasu sahabbai suka juya da baya, sannan Alƙur'ani ya sanar da cewa an yafe musu.

Labarin da ya fi kowanne nuna yadda al'ummar farko ta ɗauki faɗuwar mumini shi ne na Ka'abu ɗan Malik, mawaƙin mutanen Madina, wanda Bukhari da Muslim suka kawo da tsawonsa. A watan Rajab na shekara ta 9 (630) aka yi shelar fita Tabuka, tafiya mai nisa zuwa iyakar Rumawa, ga tsananin zafi, ga dabino ya nuna, inuwa ta yi daɗi. Ka'abu bai rasa komai ba. Da bakinsa ya ce bai taɓa mallakar raƙuman hawa biyu ba sai a wannan karon. Kullum sai ya fita da niyyar shiri ya dawo bai tsinana komai ba, yana ce wa ransa gobe ma rana ce, har runduna ta yi nisa. In ya zaga gari ba ya ganin kowa sai wanda aka sani da munafunci ko mai uzurin gaskiya.

Da aka dawo, mutum tamanin da 'yan kai suka zo masallaci suna rantse-rantse, aka karɓi zahirinsu aka bar zukatansu ga Allah. Ka'abu mai baki ne, ya san zai iya tsara magana ya kuɓuta, amma ya ce ba shi da wani uzuri. Haka Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya suka yi. Abin da gaskiyar ta jawo musu shi ne aka hana mutanen Madina yi musu magana. Abokan nasa biyu suka kulle kansu a gida suna kuka. Shi da yake ya fi su ƙuruciya, yana fita salla yana shiga kasuwa, ba mai tanka masa. A masallaci yakan yi wa Manzon Allah (SAW) sallama ya tsaya yana wasi-wasi ko leɓɓansa sun motsa da amsa, sannan ya yi salla kusa da shi yana satar kallonsa. Wata rana ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa kuma wanda ya fi so a duniya, ya haɗa shi da Allah ya faɗa ko ya san shi da son Allah da Manzonsa. Sai a karo na uku Abu Ƙatada ya buɗe baki, abin da ya yi kawai shi ne mayar da sanin ga Allah da Manzo. Ka'abu ya sake haura katangar yana hawaye.

Ana cikin haka wani bafatake daga Sham, wanda ya kawo abinci kasuwar Madina, ya miƙa masa wasiƙar sarkin Gassan, yana gayyatarsa ya baro inda ake wulaƙanta shi ya zo a karrama shi. Ka'abu ya gane wannan ma jarrabawa ce, ya cusa wasiƙar a tanderu. Da aka kwana arba'in aka umarci su ukun su nisanci matansu. A safiyar da aka cika kwana hamsin, yana zaune a kan rufin ɗakinsa bayan sallar asuba, ya ji mai kira daga kan dutsen Sal'u yana masa albishir. Ya tuɓe tufafinsa biyu ya bayar goron albishir, ya ari wasu ya sa, ya nufi masallaci. Aya ta 118 ta Suratut Tauba ce ta sauka a kansu. Ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara faɗin komai ba sai gaskiya. Ɗansa Abdullahi, wanda ya zama ɗan jagorarsa bayan ya makance, shi ya ruwaito labarin, kuma a ƙarshensa Ka'abu na cewa bai san ya yi ƙarya da gangan ba tun daga ranar, yana kuma fatan Allah ya tsare shi a sauran kwanakinsa. Mutumin da aka saukar da aya kan karɓar tubarsa bai wuce fata ba game da abin da ya rage masa.

Akwai wasu misalan. Abu Lubaba ya ɗaure kansa a jikin wani ginshiƙi na masallacin Madina bayan ya tona wa Banu Ƙuraiza asirin da bai kamata ba, har yau ana kiran wurin ginshiƙin tuba. An kuma ruwaito wani da aka sha yi wa bulala kan giya, wani sahabi ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa.

Bayan wafatin Annabi (SAW), a shekara ta 11 (632), ƙabilu da dama suka juya, aka yi yaƙe-yaƙen Ridda. Nan tambayar ta ƙara nauyi: wanda ya fita gaba ɗaya fa, yana da hanyar dawowa? Ɗulaiha na ƙabilar Asad har annabci ya yi da'awa. Khalid ɗan Walid ya fatattake shi a Buzakha, ya gudu Sham, daga baya ya dawo Musulunci. Halifa Abubakar bai yarda a sa irinsu cikin runduna ba. Halifa Umar ya bari su yi yaƙi amma ba a ba su shugabanci ba. Ɗulaiha ya halarci Ƙadisiyya, ya kuma mutu a yaƙin Nahawand a shekara ta 21 (642) yana cikin sahun Musulmi.

Ba Musulmi kaɗai suka sha wannan tambaya ba. A shekara ta 250 Miladiyya sarkin Rum Desiyus ya tilasta wa kowa yin yanka ga allolin daula ya karɓi takardar shaida, Kiristoci da yawa suka bi don tsira da rai. Da wutar ta lafa, wani malamin coci a Rum mai suna Nobatiyan ya ce ba a sake karɓarsu, shi kuwa Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, tare da taron da aka yi a can a 251, suka buɗe musu ƙofar dawowa bayan tuba mai tsawo.

Lokacin da zunubi ya zama maganar takobi

A zamanin sahabbai na farko ana hukunta mai laifi, a yi masa salla idan ya mutu, ba tare da an tsaya tsara ƙa'ida ba. Fitina ce ta tilasta a tsara ta. A shekara ta 35 (656) aka kashe Halifa Usman a gidansa. A 37 (657) rundunar Sayyidina Ali da ta Mu'awiya suka gwabza a Siffin, aka tsaya a kan a naɗa mutum biyu, Abu Musa al-Ash'ari da Amru ɗan Asi, su yanke hukunci. Wani ɓangare na mutanen Ali suka ce miƙa hukuncin Allah ga mutane saɓo ne, mai saɓon kuma ya kafirta har sai ya tuba. Suka janye zuwa Harura kusa da Kufa. Su ne Khawarijawa.

Hujjarsu a miƙe take, shi ya sa take da haɗari. Imani a wurinsu dunƙule yake da aiki, wanda ya fasa gefe ya fasa duka. Mutane ne masu yawan salla da karatun Alƙur'ani. An ruwaito cewa ɗayansu ya ɗauki dabino guda da ya faɗo ya sa a baki, 'yan uwansa suka tsawata masa don bai biya ba, ya tofar. Su ɗin ne kuma suka yanka Abdullahi ɗan Khabbab, ɗan sahabi, tare da matar da ke ɗauke da cikinsa, don ya ƙi aibata Usman da Ali. Sayyidina Ali ya yaƙe su a Nahrawan a 38 (658), ɗaya daga cikinsu, Abdurrahman ɗan Muljam, ya sare shi a masallacin Kufa cikin Ramadan na shekara ta 40 (661). Reshensu mafi zafi, Azariƙa mabiya Nafi'u ɗan Azraƙ, har wanda ya yarda da ra'ayinsu amma ya zauna a gida bai fito ba sun kafirta shi. Da a hannun irinsu Ka'abu ya faɗa, da bai kwana hamsin ba. Reshe mai sassauci, Ibadiyya, wanda ya wanzu har yau a Oman da kwarin Mizab na Aljeriya, ya kira babban zunubi kafircin ni'ima, wato butulci, bai fitar da mai shi daga al'umma ba.

Martanin farko ya zo daga Murji'a, masu jinkirta hukunci. Da farko maganarsu ta siyasa ce: a bar al'amarin Usman da Ali ga Allah, a daina tsine-tsine. Daga baya ta zama ƙa'ida, cewa imani gaskatawa ce da furuci, aiki ba ya cikin ma'anarsa. Imam Abu Hanifa, wanda ya rasu a 150 (767), ya ware aiki daga ma'anar imani, amma bai taɓa cewa zunubi ba ya cutarwa ba. Masu wuce gona da iri cikin Murji'a ne suka faɗi haka, suka mai da kalmar shahada tamkar laya. Ana ba da labarin cewa a zauren Hasanul Basari, wanda ya rasu a 110 (728), wani ya tambayi matsayin mai babban zunubi, kafin malam ya amsa ɗalibinsa Wasil ɗan Aɗa'u ya ce ba mumini ba ne ba kafiri ba, yana wani matsayi tsakanin biyu, sannan ya tashi ya koma jikin wani ginshiƙi ya kafa nasa zauren. Daga nan ake danganta asalin Mu'utazila. A duniya sun bar mai zunubi cikin Musulmi, a lahira kuwa sun haɗu da Khawarijawa: in ya mutu bai tuba ba zai dawwama a wuta.

Matsayar da ta rinjaya, wadda aka sani da ta Ahlus Sunna, ta ƙi duka ukun. Mai babban zunubi mumini ne da imaninsa, fasiƙi ne da zunubinsa. In ya tuba an karɓa. In ya mutu bai tuba ba yana ƙarƙashin ganin damar Allah, ko a yafe masa ko a hukunta shi gwargwado, amma ba ya dawwama a wuta, kuma ceto na iya riskarsa. A ƙarni na huɗu bayan Hijira aka rubuta wannan a taƙaitattun littattafan aƙida, irin na Imam Ɗahawi na Masar, wanda ya rasu a 321 (933), da gabatarwar Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 386 (996).

Wata ƙaramar gardama ta fito daga cikin babbar, kuma ita ce ta fi kusa da addu'ar cikawa da imani. Idan aka tambayi mutum ko shi mumini ne, zai amsa kai tsaye ko zai ƙara da in sha Allahu? Malaman hadisi irin su Sufyanus Sauri da Imam Ahmad sun yarda da ƙarin. Hanafawa suka ce wannan shakka ce, wanda ya gaskata yanzu mumini ne na haƙiƙa yanzu. Mabiya Imam Ash'ari, wanda ya rasu a 324, suka ba da bayanin da ake kira muwafat: imanin da ke da amfani shi ne wanda bawa ya isa ga Ubangijinsa da shi, togaciyar kuma ta shafi ƙarshen da ba a sani ba ne, ba ta taɓa yaƙinin yau ba. Bahaushe ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ash'arawa sun ɗaga wa'adin zuwa fitar rai. Malaman baya da dama sun ga saɓanin bai wuce na lafazi ba, domin duka ɓangarorin sun yarda mutum na iya canjawa kafin ya mutu.

Daga zauren aƙida zuwa tarbiyyar zuciya

Masu gudun duniya da sufaye ne suka ɗauko maganar daga hannun masu jayayya suka mai da ita abin da mutum zai auna kansa da shi. Da yawansu tubabbu ne. Fulailu ɗan Iyal, wanda ya rasu a Makka a 187 (803), ɗan fashi ne a hanyar Abiward da Sarakhs a yankin Khurasan; ana cewa yana haura wata katanga da dare ya ji ana karanta wata aya ta Suratul Hadid, ya sauko ya bar sana'ar har abada. Littattafan tasawwufi suka sa tuba a matakin farko na hanya, Ibn Ƙudama kuma, wanda ya rasu a 620 (1223), ya tara labaran tubabbu a littafi guda.

Wanda ya fi tsara batun shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 (1111). Kashi na huɗu na Ihya'u Ulumid Din ya buɗe shi da babin tuba, ya rufe shi da ambaton mutuwa. Ya kasa tubabbu gida huɗu gwargwadon ɗorewarsu: wanda ya miƙe har ƙarshen rai sai 'yan kurakuran da ɗan Adam ba ya rabuwa da su, wanda ya riƙe manyan ibadu ya bar manyan zunubai amma yakan yi tuntuɓe ba da shiri ba ya kuma zargi kansa, wanda sha'awa ke kayar da shi da gangan a wasu zunubai, yana nadama yana ɗaga tuba zuwa gobe, da wanda ya koma gidan jiya gaba ɗaya babu ko damuwa. Gida na biyu ya ce shi ne halin yawancin masu tuba, kuma bai ɗauke shi ƙaramin matsayi ba. Wannan rabo ya amsa tambayar da ke damun talaka fiye da duk gardamar Siffin: wanda ya tuba ya koma, ya sake tuba ya sake komawa, wasa yake yi? Amsar malamai ita ce kowace tuba da ta cika sharuɗɗanta a lokacinta ingantacciya ce, komawa sabon zunubi ne mai bukatar sabuwar tuba, kuma ƙofa a buɗe take har rai ya kai ga gargara.

Kan mummunan ƙarshe kuwa Gazali ya kawo mataki biyu. Mafi muni shi ne shakka ko musu ya mamaye zuciya a magagin mutuwa. Na ƙasa da shi, son wani abu na duniya ya cika zuciyar har ya rufe komai. Bayaninsa na dalili ba na tsafi ba ne: abin da mutum ya saba da shi a farke shi ke zuwar masa a mafarki, haka ma abin da ya saba da shi a rayuwa shi ke tasowa idan hankali ya fara gushewa. Ya kawo misalin wani mai kanti da ake laƙƙana masa kalmar shahada shi kuwa yana ta ƙirga lissafin ciniki. Ya kuma ba da shawarar da ta zama ƙa'ida a wurin masu wa'azi, cewa mai lafiya ya fi bukatar tsoro don ya yi aiki, wanda ke gargara kuwa a rinjayar masa da fata da kyautata zato ga Allah. Bayansa Ibn Aɗa'illah na Iskandariyya, wanda ya rasu a 709 (1309), ya ƙara wani abu da ba kowane mai wa'azi ke son faɗa ba: faɗuwar da ta karya girman kai na iya zama alheri ga bawa fiye da ibadar da ta kumbura shi.

A aikace, duk wannan ya taru a kan shimfiɗar majinyaci. Sunna ce a laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada, malaman fiƙihu kuma suka ce a faɗe ta a kusa da shi a hankali, kada a matsa masa, in ya faɗa sau ɗaya a ƙyale shi sai in ya sake wata magana. Malaman hadisi suna da labarin Abu Zur'a na Rayyi, wanda ya rasu a 264 (878). Abokansa suka ji nauyin su laƙƙana wa babban malami irinsa, sai suka yi dabara: ɗaya ya fara jero isnadin hadisin da ke magana kan falalar cikawa da kalmar, ya yi kamar ya kakare. Abu Zur'a, yana cikin magagi, ya karɓe isnadin ya jero shi har ya kai ga kalmar shahada a cikin matanin, ransa ya fita.

A ƙasar Hausa

Matsayar Ahlus Sunna ta iso ƙasar Hausa ta cikin littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaure. Ɗalibin da ya buɗe Ahalari, na Abdurrahman al-Akhdari malamin Aljeriya na ƙarni na 16 Miladiyya, kafin ya kai ga alwala sai ya bi ta kan gyara imani da sharuɗɗan tuba, da hanin ɗaga ta da sunan jiran shiriya. In ya kai Risala ya tarar da hanin kafirta Musulmi da zunubi. Arba'una Hadisi ta Imam Nawawi kuma, hadisinta na huɗu kan yadda ƙarshe ke iya juyawa ne, na arba'in da biyu kan yalwar gafara.

Duk da haka tsohuwar gardamar ta sake tasowa a nan, kuma a gidan da ba a zata ba. Malam Jibril ɗan Umar, malamin da Shehu Usman Ɗanfodiyo ya bi har Agadas kuma ya girmama iyakar girmamawa, ya kai ga kafirta masu wasu manyan laifuffuka da suka yi katutu a lokacin, irin su tara mata fiye da huɗu da cin dukiyar marayu. Shehu, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, bai bi shi a kan wannan ba. A cikin Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya da Shifa'ul Galil ya nuna cewa kafirtawa da zunubi hanyar Khawarijawa ce, ya kuma nema wa malaminsa uzuri da cewa kishin addini ne ya kai shi. Haka kuma ya yi ta rubutu kan wasu ɗalibai da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilmin tauhidi yadda masana ke jero su ba.

Bayan an fara jihadi a 1804, makamin ya juyo kan jama'ar Shehu. Da mayaƙa suka ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuto yana tambayar dalilin yaƙar Barno, ƙasar da ta daɗe da Musulunci. Ya amince akwai cin hanci da zalunci a kotuna da wasu al'adu marasa kyau, amma ya ce waɗannan saɓo ne da ake samu har a Masar da Sham, ba wanda ya kafirta mutanen can saboda su. Muhammadu Bello na ɓangaren jama'ar Shehu Usman, wanda ya adana wasiƙun a Infaƙul Maisur, bai musa ƙa'idar ba. Amsarsa ita ce ba don zunubi ake yaƙin ba, sai don sarakunan Barno sun taimaki sarakunan Hausa a kan Musulmi, da kuma wasu yanke-yanke da ya ɗauka shirka ne. Wato ɓangarorin biyu sun tsaya a kan ƙa'ida ɗaya, saɓaninsu a kan wane aiki ne ya tsallake iyakar saɓo. Ko a zamanin nan, da rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano a Disambar 1980, da kuma tashin Boko Haram daga 2009, malaman da suka yi musu raddi tsohon sunan Khawarijawa suka ɗauko suka laƙaba musu.

Hanyar da maganar ta bi ta shiga bakin kowa ita ce waƙoƙin wa'azi na ajami cikin Fulatanci da Hausa, waɗanda malaman jihadi suka yawaita, Nana Asma'u kuma ta isar da su ga matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru. Jigonsu mutuwa ne da kabari da hisabi da kira zuwa tuba, kuma bisa al'ada sukan ƙunshi roƙon gafara da kyakkyawan ƙarshe. A yau idan aka yi rasuwa, cikin tambayoyin farko da dangi ke yi wa wanda ya yi jinya akwai ko mamacin ya samu yin kalmar shahada, in an ce ya yi sai a yi hamdala. Malamai na ɗaukar hakan alama ce mai kyau, kamar yadda suke ɗaukar mutuwa a kan wani aikin alheri, amma suna jan kunne kan juya maganar: wanda ya mutu cikin barci, ko a hatsarin mota, ko bayan ya daɗe a sume a asibiti, rashin furucin ba hujja ba ce a kansa. Ƙa'idar da littattafan aƙida suka tsayar ita ce ba a yanke wa wani mutum takamaimai Aljanna ko wuta sai wanda nassi ya ambata da suna, don haka ake yi wa kowane Musulmi wanka da salla, mashayi ne ko limami.